Haske da Inuwa a New Bell: Wa Zai Yanke wa Hoto Hukunci, Na'ura ko Mutum?

Da tsakar rana a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala na ƙasar Kamaru, tela ya kan zauna a bakin ƙofar shagonsa, keken ɗinki a gabansa, shadda da yadudduka jere a bayansa cikin duhun shago. A waje kuwa rana tana dukan kwanon rufi da farin bango. Wanda ya tsaya a titi yana ganin kome sarai, fuskar tela, da aikin zaren da ke wuyan farar rigarsa, har da launin yadin da ke can ƙuryar shago. Amma in ya ɗaga kyamara ya ɗauka, sai ɗaya daga cikin abu biyu ya faru. Ko dai riga ta fito da kyau fuskar mai ita ta nutse cikin duhu, ko kuwa fuska ta fito, riga da titi su ƙone su zama fari fat, ba ko alamar zare.

Domin maganin wannan ne aka ƙago dabarar da a ke rubutawa HDR a fuskar wayoyin hannu. Ma'anarta a taƙaice ita ce haɗin haske, watau a ɗauki abu guda sau da yawa, wani hoton da haske kaɗan, wani da haske mai yawa, sa'an nan a haɗa su su zama ɗaya, yadda wurin haske ba zai ƙone ba, wurin duhu kuma ba zai ɓace ba. Hanya biyu a ke bi. Ta fari, kyamara ko waya ta yi haɗin da kanta cikin ƙiftawar ido. Ta biyu, mai hoto ya ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya kai su kwamfuta, ya haɗa da hannunsa. Masu sana'ar hoto sun daɗe suna gardama a kan wadda ta fi. Gardamar ba ta masu sana'a kaɗai ba ce, gama hotunan da a ke ɗauka yau a gidajen biki, da majami'u, da masallatai, da kasuwannin New Bell, su ne jikoki za su duba su ce haka unguwarsu ta ke, haka kuma fuskokin kakanninsu su ke.

Unguwa da haskenta

New Bell ba ta taso kamar sauran garuruwa ba. Jamusawa ne suka yanka ta, sa'ad da suka ƙwace filayen mutanen Duala da ke bakin kogin Wuri domin su keɓe wa Turawa wurin zama. Suka tura masu ƙasa can baya, suka bar fili na kilomita guda tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayayya da wannan ƙwace, Jamusawa suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. A zamanin mulkin Faransa unguwar ta zama masaukin baƙi, Hausawa, da Bamileke, da Basa, da waɗansu kabilu masu yawa, har sassanta suka ɗauki sunayen mazaunansu. Mutane suka yi yawa, fili ya yi kaɗan, gidaje suka matsu, lunguna suka ƙuntata.

Wannan matsi yana da nasa tasiri a kan haske. Shago ko ɗaki mai ƙofa ɗaya, wanda maƙwabta suka tare shi gaba da baya, duhu ne da shi ko da rana tsaka. Birnin kuma yana kusa da tsakiyar duniya, rana ta kan tsaya bisa kai, ta jefa inuwa cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hula. Daɗin daɗawa, Duwala gari ne na ruwa, abin da ya kan sauka a shekara ya fi milimita 3,500, wajen ninki huɗu ke nan na abin da Kano ta saba samu. Cikin Yuli da Agusta sararin sama ya kan zama fari kamar alli, ƙasa kuwa baƙa da laima. Da dare kuma ga mai tsire, wanda mutanen Kamaru ke kira soya, tsaye gaban wuta, duhu ya kewaye shi. Duk inda mai hoto ya juya a New Bell, haske mai tsanani da duhu mai zurfi suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Iyakar kyamara

Masu hoto su kan auna haske da matakai. Kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Hasken rana a fili ya kan fi na cikin shago mai duhu wajen sau dubu, watau mataki goma. In aka ƙara bambancin da ke tsakanin farar shadda da baƙin yadi, tazarar ta kan kai mataki 14 ko fiye. Idon mutum ba ya wahala da wannan, domin yana yawo ne, ya buɗe in ya dubi duhu, ya tsuke in ya dubi haske, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗinke abin da ya gani. Kyamara mai kyau ta zamanin nan ta kan iya riƙe mataki 12 zuwa 14 a ɗauka guda, ta ƙaramar waya ba ta kai haka ba. Takardar hoto kuwa, wadda a ke wankewa a rataye a bango, ba ta iya nuna fiye da mataki 6 ko 7.

A nan ne gindin maganar ya ke. Kayan da ya cika buhu biyu za a zuba cikin buhu ɗaya. Ko ta wace hanya aka bi, tilas a matse wani abu, a zubar da wani. Haɗin haske bai kawar da wannan tilas ba, ya dai ba da damar a tara kayan duka kafin a zaɓa. Saboda haka tambayar ba ita ce wace hanya ke faɗin gaskiya wace ke ƙarya ba. Tambayar ita ce, wa ke zaɓen abin da za a bari da abin da za a zubar, kuma da wane ma'auni.

Tsohuwar matsala ce

Kada a yi tsammani kwamfuta ce ta kawo wannan dabara. Tun cikin shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya ga cewa ba shi yiwuwa ya ɗauki teku da gajimare a faranti ɗaya, sai ya ɗauki teku daban, sama daban, ya haɗa su wajen wanki. A ɗakin wankin hoto kuma masu sana'a sun saba tare haske da tafin hannu daga wani sashe na takarda, su ƙara wa wani sashe, har fuska ta fito riga ba ta ƙone ba. Duwala ta san wannan sana'a da daɗewa. Cikin shekara ta 1931 wani mutumin Saliyo, George Goethe, ya buɗe gidan hoto mai suna Photo George a birnin. Masu gidajen hoto na Afirka, irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, sun fitar da baƙar fata da farar riga cikin hoto ɗaya da kyau ƙwarai, ba tare da kwamfuta ba. Sun san inda za su tsai da mutum, da lokacin da za su ɗauka, da yadda za su wanke.

Akwai misali daga maƙwabciyar Kamaru da ya cancanci tunani. Cikin 1954 wani Ba'amurke, W. Eugene Smith, ya je Lambarene a ƙasar Gabon domin ya ɗauki hotunan asibitin mishan na Albert Schweitzer wa mujallar Life. Hoton da ya ɗauka na likitan zaune da dare gaban fitila ya ci masa kwana biyar a ɗakin wanki kafin harshen fitila da duhun ɗaki su zauna tare a takarda. Amma cikin wannan aiki dai akwai wani hoton da ya ƙara wa inuwar hannu da ƙotar zarto daga wani fim daban. Hannun da ya iya fito da gaskiya daga duhu, shi ne kuma ya iya sa abin da babu.

Zamanin kwamfuta ya zo cikin 1997, sa'ad da Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka bayyana lissafin haɗa hotuna masu bambancin haske. Misalin da suka shahara da shi cikin majami'a ne, ta jami'ar Stanford, inda tagogi ke ƙyalli, rufi kuwa yana cikin duhu. Cikin 2005 manhajar Photoshop ta sa wannan a hannun kowane mai kwamfuta. Cikin 2009 kyamarorin Pentax da Sony suka fara yin haɗin a cikinsu. Cikin Satumba 2010 abin ya shiga wayar iPhone 4. Yau yawancin wayoyi suna yinsa ba tare da sun tambayi mai su ba.

Abin da na'ura ta iya

Wajibi ne a ba haɗin cikin waya haƙƙinsa. Na fari, yana da sauri. Dabarar da kamfanin Google ya bayyana cikin 2014 da sunan HDR+ ita ce waya ta ɗauki hotuna da yawa gajeru gajeru a jere, ta daidaita su bisa juna, ta haɗa. Tun da ya ke duk abin bai kai daƙiƙa guda ba, mutum mai motsi ya kan fito lafiya. New Bell kuwa ba ta tsayawa domin a ɗauke ta. 'Yan acaɓa, waɗanda a ke kira benskin a Duwala, suna wucewa, yara suna gudu, mata zumunta suna rawa, masu sallar idi suna fitowa. Mai kafa kyamara bisa ƙafa uku yana lissafi, amarya ta riga ta shiga mota.

Na biyu, yana da araha. Haɗin hannu yana bukatar kyamara, da abin kafa ta, da kwamfuta, da manhaja, da wutar lantarki wadda ba za ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba. Waya kuwa tana aljihun mai sayar da goro. Ta wannan hanya iyalai masu yawa sun sami hoton tsohuwarsu zaune a cikin ɗakinta, wurin da a dā sai an fito da ita tsakar gida kafin kyamara ta gan ta. Wannan riba ce ta gaske, duk wanda ya rena ta bai san zafin rasa hoton mahaifi ba.

Amma aibin na'ura ma ba ƙarami ba ne. Waya ba ta san New Bell ba. An koya mata cewa hoto mai kyau shi ne wanda kome ya fito a cikinsa, saboda haka ta kan ɗaga kowace inuwa, ta danne kowane haske, har ƙuryar shago da tsakiyar titi su zama kusan daidai. Hoton ya kan yi kyau a kallon farko, amma ya rasa zurfi. Tsakar rana ta yi kama da la'asar, dare ya yi kama da magariba. Mai tsire da wuta ta haska rabin fuskarsa, sai waya ta haska masa titi duka, wutar ta zama ba ta da aiki. Wanda ya san wurin zai ce ga kayan duka, amma wurin ba haka ya ke ba.

Har wa yau, na'ura ba ta nuna aikinta. Ta kan ba da hoton da ta gama, ta zubar da waɗanda ta haɗa. In ta yi kuskure, ba wurin komawa. Cikin 2018 masu wayar iPhone XS suka yi ƙorafi cewa hoton fuskarsu yana fitowa sumul kamar an shafa masa hoda. Kamfanin Apple ya ce kuskure ne cikin sabon haɗin haskensa, ya gyara a sabuwar manhaja. Abin lura shi ne, mutane masu yawan gaske sun yi makonni suna ɗaukar fuskar da ba tasu ba sosai, ba su kuwa zaɓi haka ba. Hukuncin da injiniya ya yanke a wata ƙasa mai nisa shi ne ya hau kan fuskokinsu.

Abin da hannu ya iya

Mai haɗin hannu ya kan kafa kyamara kada ta motsa, ya ɗauki hoto uku ko biyar, kowane ya bambanta da na kusa da shi da mataki ɗaya ko biyu. Ya kan ajiye su ɗanye, yadda kyamara ta karɓe su. Hoton da waya ta saba bayarwa yana da matsayi 256 tsakanin baƙi da fari a kowane launi, ɗanyen hoto kuwa yana iya riƙe 4,096 ko 16,384. Da wannan yalwa mai hoto ya kan zauna ya yanke shawara, wannan inuwa a buɗe ta kaɗan, waccan a bar ta, wannan taga a rage mata haske amma kada ta daina zama taga.

Ga abin da ba ya motsi, wannan hanya ba ta da abokiyar gasa. Cikin babbar majami'ar Bitrus da Bulus ta Duwala, wadda aka gina cikin 1936, ko cikin masallacin unguwa, ko tsohon gidan katako da ke shirin rushewa, tazarar taga da bango ta fi ƙarfin waya. Mai haƙuri da ƙafa uku shi ne zai fito da ƙirar taga da ƙirar rufi tare, hoto kuma ya jure a faɗaɗa shi a buga a littafi. Mafi muhimmanci, akwai wanda za a tambaya. In hoton ya yi ƙarya, an san mai ƙaryar, ɗanyen hoton kuma yana nan a matsayin shaida.

Sai dai hannu yana da nasa zunubi, wanda ya fi na na'ura muni a wani fannin. Ƙaramin aibinsa shi ne fatalwa, watau in mutum ya gitta tsakanin ɗauka da ɗauka sai ya fito sau biyu kamar hayaƙi. Babban aibinsa kuwa zari ne. Bayan da manhajojin haɗi suka yaɗu, sai aka shiga wani yayi na tsananta kowane abu, gajimare ya yi baƙi kamar ƙarshen duniya, farin layi ya kewaye rufin gidaje, kowane tsagi a bango ya fito kamar rauni. Garin neman gira aka rasa ido.

A wani wurin wannan rashin iya ado ne kawai. A New Bell kuwa ya wuce haka. Unguwa ce da sunanta ya kan tuna wa baƙo babban kurkuku, da ambaliya, da cunkoso. Irin wancan gyara yana ƙara wa tsatsa ja, ya ƙara wa kwata baƙi, ya zurfafa tamoji a fuskar dattijo har ya fi shekarunsa tsufa. Bangon da mai gida ya shafe bara sai ya fito kamar kufai. Ba a ƙara ko tsinke cikin hoton ba, amma an yi wa unguwa shaidar zur. Tsatsa tana nan, kwata tana nan, ba mai musu. Amma mutumin da ya share ƙofar gidansa da asuba yana da haƙƙi kada a mai da gidansa juji domin hoto ya burge masu kallo a wata ƙasa. Ba banza ba ne cikin 2015 masu gasar World Press Photo ta ƙasar Holan suka kori kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe, saboda gyaran da ya wuce iyaka, har da tsananta haske da duhu.

Batun fata

Akwai abu guda da ya sa wannan gardama ta fi nauyi ga baƙar fata. Kyamara ba ta taɓa zama alƙali marar son kai ba. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa aika wa gidajen wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, domin su daidaita launi da shi. Sai cikin shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban daban. Wata malama a ƙasar Kanada, Lorna Roth, ta nuna cikin bincikenta na 2009 cewa daga cikin abubuwan da suka sa aka kyautata fim wajen launuka masu duhu akwai ƙorafin masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda kayansu ba sa fitowa da kyau a talla.

Ma'aunin hasken kyamara kuma ya kan ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, ba fari ba, ba baƙi ba. In farar riga ta cika hoto, sai ya rage haske, fuska ta ɓace. Haɗin haske ya zo kamar magani, amma ya kawo wata cutar. Wayar da ba a koya mata da kyau ba ta kan ɗauki baƙar fuska a matsayin inuwar da ke bukatar ɗagawa. Sai ta haskaka ta, fata ta yi toka toka, ko ta yi ja kamar ta mai shafa man bilicin. Yarinya ta saba ganin kanta haka a waya kullum, har ta soma ganin fuskar da ke madubi ita ce mai aibi. Wannan hasara ce da ba a auna ta da mataki.

Masu ƙera waya sun san da matsalar. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka, kuma daga cikin abubuwan da ya yi talla da su akwai kyamarar da aka daidaita domin baƙar fata. Google ma ya fito da Real Tone cikin 2021 tare da wayar Pixel 6, bayan ya nemi shawarar masu hoto da suka ƙware a kan baƙar fata. Ci gaba ne, ya kuma tabbatar da abu guda, cewa a bayan kowace na'ura akwai mutum da ma'auninsa. Abin da a ke kira aikin waya da kanta, zaɓin wani ne da aka kulle a ciki.

Mai son ganin abin da baƙar fata ke iya yi cikin hoto ya dubi aikin Angèle Etoundi Essamba, wadda aka haifa a Duwala cikin 1962, ta koyi sana'ar a ƙasar Holan. A hotunanta na baƙi da fari ba ta gudun duhu. Ta kan bar fata ta zauna da zurfinta, haske ya bi gefen kunci da kafaɗa, sauran ya tafi cikin inuwa. Fuskar ba ta ɓace ba, ba a kuwa wanke ta ba. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a gwada kowane haɗin haske da shi.

Hukunci

In aka ɗora hanyoyin biyu bisa sikeli, ba wadda ta ci duka. Ga taron jama'a, da biki, da yara, da duk abin da ba ya jira, haɗin cikin waya ya fi, kuma ba abin kunya ba ne a dogara gare shi. Ga gini, da cikin ɗakin sujada, da hoton da za a ajiye domin tarihi, haɗin hannu ya fi, muddin mai yinsa ya san inda zai tsaya. Ga fuskar mutum guda kuwa, sau da yawa ba a bukatar ko ɗaya. Tsofaffin masu gidan hoto sun riga sun nuna hanya. A matsar da mutum daga rana zuwa inuwar baranda, a juya fuskarsa wajen haske, a sa yaro ya riƙe farin ƙyalle a gefe domin ya mayar da haske ga kunci, ko a jira la'asar. Tazarar da aka rage tun kafin ɗauka ba ta bukatar matsi daga baya.

Amma a kan ainihin tambayar, watau wa zai yanke hukunci, amsar ba ta rabu biyu ba. Mutum ne ya kamata ya yanke, ko da waya ce a hannunsa. Mai waya yana iya taɓa fuska a allon kafin ya ɗauka, ya rage haske da yatsa, ya kashe haɗin in wayarsa ta yarda, ya ɗauki biyu ya gwada. Mai kwamfuta kuma ya ajiye ɗanyen hotonsa, ya riƙa dubansa kusa da wanda ya gyara. Gwaji uku sun isa kowannensu. Na fari, ko launin fatar da ke hoton shi ne na mai ita. Na biyu, ko mai kallo zai iya faɗin lokacin da aka ɗauka, safe ne, ko rana, ko dare. Na uku, ko mai hoto zai iya kai hoton ga wanda ke cikinsa ya nuna masa ba tare da jin nauyi ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka ne hoto ke da nauyi, gama wanda ya gan shi ba ya sāke tambaya. Shekara hamsin nan gaba, jikan telan nan zai ɗauki hoton kakansa ya gaskata abin da ya gani. In na'ura ta haska shagon duka, ba zai san kakansa ya ƙare ƙarfin idonsa cikin duhu domin ya ciyar da gida ba. In hannu ya tsananta tsatsa da tamoji, zai ɗauka kakansa abin tausayi ne. Hoton da ya dace da shi shi ne wanda ya bar riga fara da zarenta, fuska baƙa da annurinta, ƙuryar shago kuma da ɗan duhunta, kamar yadda mai wucewa ya gan su ran nan da tsakar rana.